Tuwo Ɗaya, Jiki Biyu: Yadda Namiji da Mace Ke Sarrafa Abin da Suka Ci

A gidaje da yawa na Kaduna, daga Rigasa zuwa Unguwar Rimi, tukunya ɗaya ce ke ciyar da maigida da uwargida, amma bayan 'yan shekaru da aure sai a ga shi ya ajiye tumbi alhali hannuwansa da ƙafafunsa suna nan kusan yadda suke, ita kuma ƙibarta ta sauka ƙugu da cinyoyi. Sau da yawa kuma shi ne likita zai fara shaida wa cewa suga ya kama shi, ko da yake a ido ita ta fi shi jiki. Mutane sukan jingina wannan ga gado, ko zaman ofis, ko yawan haihuwa, kuma kowanne daga cikinsu yana da nasa rabon. Sai dai a ƙarƙashin duk waɗannan akwai tsarin da jiki ke bi wajen yanke hukunci a kan abincin da ya shige shi, wato nawa za a ƙona yanzu, nawa za a adana, a ina za a adana shi, kuma yaushe za a fito da shi. Wannan tsari bai zo ɗaya ba tsakanin namiji da mace, kuma rashin sanin haka yana jawo mana asarar lafiya da za a iya kauce wa.

Jikin mutum yana cin ƙarfi ko da yana kwance yana barci, domin zuciya tana bugawa, ƙoda tana tace jini, hanta da ƙwaƙwalwa kuma ba sa hutu. Wannan aiki na ɓoye shi ke cinye kimanin kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, da mutum ke ƙonawa a yini. Idan aka auna, za a tarar namiji ya fi mace ƙona kalori a zaune, kuma an daɗe ana ɗaukar hakan a matsayin shaidar cewa jikinsa ya fi nata zafin aiki. A shekarar 2021 Herman Pontzer na Jami'ar Duke da ke Amurka da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon awon mutane fiye da 6,400 daga ƙasashe 29, tun daga jarirai 'yan kwana takwas har tsofaffi masu shekara 95. Abin da suka gani shi ne, da zarar an yi la'akari da girman jiki da yawan tsoka da kitsen kowa, bambancin namiji da mace wajen ƙona kalori yakan kusan ɓacewa, kuma ƙonawar takan tsaya daram daga shekara 20 har zuwa wajen 60. Ke nan namiji ya fi ƙonawa ne saboda ya fi tsoka da girman gaɓoɓi. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce abin da ya sa aka gina jikunan biyu daban, da kuma wanda ke ba da umarnin rabon.

Masu ba da umarnin su ne sinadaran homon, waɗanda wasu gaɓoɓi ke zubawa cikin jini don su kai saƙo ga sauran jiki. Kafin balaga, yaro da yarinya ba su da wani babban bambanci a tsoka da kitse. Da balaga ta zo, maraina sukan fara fitar da testostiron da yawa, shi kuma ya gina tsoka, ya ƙara kaurin ƙashi, ya ƙara yawan jini. A wajen yarinya, gidan ƙwai yakan fara fitar da istirojin, wanda ke sa jiki ya tara kitse a ƙarƙashin fata, musamman a ƙugu, da mazaunai, da cinyoyi, da ƙirji. Shi ya sa budurwa mai cikakkiyar lafiya takan ɗauki kitsen da ya kai wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinta, saurayi sa'anta kuwa nasa bai cika wuce kashi 15 zuwa 18 cikin 100 ba. Dalilin wannan tanadi a fili yake ga duk wanda ya san nauyin da ke gaban mace. Goyon ciki ɗaya yana cin kalori kimanin 75,000 zuwa 80,000 daga farkonsa zuwa haihuwa, shayarwa kuma tana cin kusan 500 a kowace rana har tsawon watanni, kuma jariri ba ya jira a yi girbi kafin ya nemi nono.

A shekarar 1947 wani likita ɗan Faransa mai suna Jean Vague, wanda ya yi aiki a birnin Marsel, ya lura cewa masu ƙiba iri biyu ne, kuma makomarsu ba ɗaya ba ce. Waɗanda ƙibarsu ta taru a ciki da saman jiki, galibinsu maza, su ne suka fi kamuwa da ciwon suga da ciwon zuciya, waɗanda tasu ta sauka ƙasa kuwa, galibinsu mata, sun fi tsira. An ɗauki shekaru kafin likitocin duniya su ba maganarsa muhimmancin da ta cancanta, amma yau ita ce ginshiƙin fahimtar wannan al'amari.

Kitsen ƙugu da cinya ya yi kama da rumbun da aka liƙe bakinsa da kyau: yana karɓar abin da ya yi saura, yana riƙe shi, ba ya sakinsa cikin jini sai buƙata ta yi tsanani, kuma lokacin da ya fi buɗewa shi ne ƙarshen goyon ciki da lokacin shayarwa. Saboda yana tsare maiƙon a wuri guda, sai hanta da tsoka da jijiyoyin jini su huta. Kitsen tumbi kuwa yana can ciki ne, naɗe da hanji, kuma yana yawan sakin maiƙo da sinadaran da ke haddasa kumburi. Abin da ya ƙara masa haɗari shi ne jinin da ya fito daga gare shi yana bi ta wata babbar jijiya ya zarce hanta kai tsaye. Hantar da maiƙo ke kwarara mata dare da rana takan fara tara kitse, daga nan ta daina jin umarnin insulin yadda ya kamata. Insulin shi ne homon da ke sa tsoka da kitse su janye suga daga jini bayan an ci abinci, ya kuma hana hanta zuba nata sugan. Idan jiki ya daina saurarensa, sai gaɓar da ke samar da shi, wadda ke kwance a bayan tumbin abinci, ta ninka aiki, ta yi shekaru tana fama, har ranar da za ta gaza. Ranar ce ake cewa mutum ya kamu da ciwon suga, alhali an daɗe da ɗaukar hanyar.

Wannan ne ya sa maza ke kamuwa da ciwon suga da ƙarancin ƙiba fiye da mata, kuma da ƙarancin shekaru. Ma'ajiyarsu ta ƙarƙashin fata ba ta da faɗi, saboda haka rarar takan wuce ciki da hanta da wuri. A nan nake ganin al'adarmu tana cutar da maza ba tare da an sani ba. Har yanzu idan mutum ya sami aiki ko kasuwa ta buɗe masa, ya fara teɓa, sai a riƙa yi masa barka, ana cewa, “Alhaji, lallai hutu ya karɓe ka.” Babbar riga kuma tana rufe komai, sikeli ma ba lallai ya nuna wani abin tsoro ba, tunda ƙafafu da hannuwa ba su ƙaru ba. Abin da ya fi sikeli faɗin gaskiya a nan shi ne tef ɗin awo irin na tela. Mutum ya tsaya a miƙe ba riga, ya laluba ƙarshen haƙarƙarinsa da saman ƙashin ƙugunsa, ya zagaya tef ɗin a tsakiyarsu, wanda yawanci yakan faɗo kusa da cibiya, ya saki numfashi ba tare da ya shanye ciki ba, sannan ya karanta. Ma'aunin da Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Suga ta Duniya ta ba da shawarar a yi amfani da shi a ƙasashenmu shi ne santimita 94 ga namiji, 80 ga mace, kuma wanda ya kai haka ya kamata ya je a duba sugansa da hawan jininsa.

Akwai kuma wani zagaye da tumbi ke jefa namiji a ciki. Kitse yana ɗauke da wani sinadari mai suna aromatas, wanda ke juya testostiron ya koma istirojin. Idan kitse ya yi yawa sai testostiron ya ragu, idan ya ragu sai tsoka ta zube, kitsen ciki ya ƙaru, ƙarfin sha'awa ma ya ja baya. Da yawa daga cikin magidantan da ke zarya wurin masu maganin ƙarfin maza, matsalarsu ta faro ne daga ciki da suga, kuma rage ƙiba kan ɗaga testostiron ɗin da kansa.

Abin lura shi ne homon ɗin da ƙarancinsa ke cutar da namiji, yawansa ne ke cutar da mace. Akwai larurar gidan ƙwai da likitoci ke kira PCOS, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana shafar kashi 6 zuwa 13 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa. Mai ita takan sami homon irin na maza fiye da ƙima, al'adarta ta rikice, gashi ya fito mata a haɓa, kitse ya taru mata a ciki, haihuwa ta yi jinkiri, kuma a mafi yawan lokuta jikinta ba ya jin insulin sosai. A wajenmu irin wannan mace takan shekara tana neman maganin haihuwa, ana ta ba ta jiƙo, ba wanda ya yi tunanin duba suganta, alhali tushen abin yana da alaƙa da yadda jikinta ke sarrafa abinci.

Ƙwaƙwalwa ma tana da hannu dumu-dumu. A shekarar 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller da ke New York ya gano leptin, homon da kitse ke aikawa ƙwaƙwalwa don ya sanar da ita yawan abin da ke ajiye. Mata sun fi maza leptin a jini nesa ba kusa ba, ko da kitsensu ya zo daidai, kuma ƙwaƙwalwar mace tana amfani da wannan labari wajen yanke shawarar ko jiki zai iya ɗaukar ciki. Idan abinci ya yi ƙaranci ƙwarai, ko mace ta matsa wa kanta da yunwa da motsa jiki mai tsanani, leptin yakan faɗi, al'ada ta ɗauke har sai abubuwa sun daidaita. Ko a cikin wata guda ma lissafin yana canzawa, domin bayan fitar ƙwai homon furojestiron yakan ɗaga zafin jiki da kusan rabin digiri, ƙona kalori ya ɗan ƙaru, sha'awar abinci ta tashi. Macen da ta ga cinta ya ƙaru ana saura kwanaki al'adarta ta zo, jikinta ne ke bin tsarinsa.

Idan aka daɗe ba a ci ba, ko ana aikin ƙarfi mai tsawo, jikin mace ya fi saurin komawa ga ƙona kitse, yana tattalin suga da furotin, na namiji kuwa ya fi dogara ga sugan da ke ajiye a tsoka da hanta. An ga haka a gwaje-gwajen da aka yi wa masu gudu da masu tuƙa keke, an kuma gan shi a mutanen da aka hana abinci na kwana ɗaya zuwa uku, inda maiƙon jinin mata ya fi tashi, sugansu kuma ya fi sauka. Azumin Ramadan a Kaduna bai cika wuce awa 14 ba, saboda haka mai lafiya, namiji ko mace, jikinsa yana iya ɗauka. Inda ake buƙatar kula shi ne mai ciki da mai shayarwa, domin a ƙarshen goyon ciki suga yakan faɗi da sauri idan an jinkirta ci, tunda ɗan tayi ba ya daina ja, kuma rangwamen da shari'a ta yi musu ya dace da abin da awon jini ke nunawa.

Ba homon ɗin maraina da gidan ƙwai kaɗai ke wannan aiki ba. Homon ɗin girma, wanda ke fitowa daga ƙasan ƙwaƙwalwa, yana zuwa wa namiji ne a dunƙule, ya taso ya lafa, musamman cikin barcin dare, a wajen mace kuwa fitarsa ta fi yawaita a tsawon yini. Hanta tana karanta wannan salo, ta kunna wasu ƙwayoyin gado ta kashe wasu, har ta kai yadda take narkar da wasu magunguna ya bambanta. Binciken da aka yi kan ɓeraye a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelis ya ƙara nuna cewa kuromosom, wato ƙunshin ƙwayoyin gado, su kansu suna da tasiri, domin ɓerayen da ke da X biyu, irin na mace, sun fi tara kitse fiye da masu X da Y, irin na namiji, ko bayan an cire musu gaɓoɓin haihuwa.

An makara wajen gano yawancin wannan saboda an daɗe ana gwajin magani a jikin maza kawai. A 1977 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ba da shawarar a ware matan da za su iya ɗaukar ciki daga matakan farko na gwajin magani, bayan bala'in maganin talidomaid da ya nakasa dubban jarirai. Niyyar kariya ce, amma sakamakonta shi ne an riƙa ba mata awon da aka auna a jikin maza. Sai a 1993 doka ta wajabta shigar da mata cikin binciken da gwamnatin ƙasar ke biya, a 2016 kuma aka faɗaɗa sharaɗin har ga dabbobin gwaji. A 2013 hukumar ta rage wa mata awon maganin barci na zolfidem daga miligiram 10 zuwa 5, bayan an ga yana daɗewa a jininsu har wayewar gari. Wannan ya isa ya sa uwargida ta daina shan ragowar maganin maigida don kawai ciwonsu ya yi kama.

Goyon ciki shi ne babban gwajin da jikin mace ke fuskanta. Daga tsakiyar ciki mabiyiya takan fitar da homon da ke rage wa jikin uwa jin insulin da gangan, domin suga ya ɗan daɗe a jini ya isa ga ɗan tayi. Yawancin mata sukan ninka insulin ɗinsu su wuce lafiya, amma wasu ba sa iyawa, sai sugan goyon ciki ya bayyana. Ana gano shi ne tsakanin mako na 24 da na 28: mace ta zo da safe ba ta karya ba, a ɗauki jininta, a ba ta ruwa da aka narkar da giram 75 na gulukos, wato irin sugan da ke cikin jini, ta shanye cikin 'yan mintuna, ta zauna a benci ba ci ba yawo, a sake ɗaukar jini bayan awa ɗaya, sannan bayan awa biyu. Gwaji ne mai gajiyarwa, ruwan ma yakan tayar wa wasu zuciya, amma ya cancanci a tambaye shi a wurin awon ciki, ko a Barau Dikko ne, ko Yusuf Ɗantsoho, ko asibitin unguwa. Sugan yakan sauka bayan haihuwa, sai kowa ya manta da shi a hidimar suna da jego, alhali macen da ta taɓa yin sa haɗarin kamuwarta da ciwon suga nan gaba ya ninka na sauran mata wajen sau bakwai ko fiye. Jaririn da aka haifa da nauyin kilo 4 ko sama, wanda dangi ke ta yaba girmansa, yana iya zama alamar da ta kamata a bi.

Wani abin da ke damuna ƙwarai shi ne magungunan ƙiba da 'yan mata ke saya a kemis da kasuwa, irin waɗanda ake kira sha ka fashe, musamman idan biki ya matso. Da yawansu suna ɗauke da deksametason, wanda ke kwaikwayon kotisol, homon da jiki ke fitarwa lokacin damuwa. Yarinya tana neman cikar ƙugu, amma wannan magani fuska yake kumburawa, ya tara kitse a ciki da bayan wuya, ya zubar da tsokar cinya da hannu, ya ɗaga suga da hawan jini, ya raunana ƙashi. Wato yana rushe ainihin kariyar da istirojin ya gina mata, ya mayar da ajiyarta wurin da ya fi haɗari. Wadda ta daɗe tana sha kuma bai kamata ta yanke shi rana ɗaya ba, sai likita ya riƙa rage mata a hankali.

Sinadarin ƙarfe da jini ke buƙata shi ma rabonsa daban ne. Mace mai al'ada tana buƙatar kimanin miligiram 18 a rana, mai ciki 27, namiji kuwa 8 sun ishe shi. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Duk da haka a gidaje da dama tsokar nama da hanta kwanon maigida suke tafiya, wanda ya fi kowa ƙarancin buƙatarsu.

Tsakanin shekara 45 da 55 al'ada takan ɗauke, istirojin ya faɗi, lissafin mace ya juya. Kitse yakan fara ƙaura daga cinya zuwa ciki ko da nauyi bai canza sosai ba, mugun maiƙon jini ya tashi, hanta ta fara tara kitse, ƙashi ya riƙa zubewa da sauri a shekarun farko. Ciwon gawut mai kumbura babban yatsan ƙafa, wanda a da kusan na maza ne saboda istirojin yana taimaka wa ƙoda fitar da sinadarin da ke jawo shi, sai ya fara leƙo mata. Wannan lokaci ya zo daidai da shekarun da Hajiya ta aurar da 'ya'ya, ta sami masu yi mata aiki, zirga-zirgarta ta ragu. Idan kuma suga ya kama mace, ƙarin haɗarin ciwon zuciya da yake jawo mata ya fi wanda yake jawo wa namiji da kusan kashi 40 cikin 100, saboda haka jinkirin da ta samu a farko bai zama sauƙi a ƙarshe ba. Tafiyar ƙafa mai ɗan sauri da duk wani aiki da ke riƙe tsoka sun fi amfani a wannan shekaru fiye da kowane lokaci, ga ita da maigidan baki ɗaya, domin tsoka ce ke shanye mafi yawan sugan da ke shiga jini bayan cin abinci.

Hatta gwajin gano ciwon yana da nasa bambanci. Maza sun fi nuna matsala a awon safe kafin a karya, inda miligiram 126 ko sama na suga a kowane desilita na jini ke nuna ciwon suga, domin hantarsu ce ke zuba suga cikin dare. Mata kuwa da yawa awonsu na safe yakan fito lafiya lau, sai bayan an sha gulukos ne sugan ke hawa ya ƙi sauka, inda 140 zuwa 199 bayan awa biyu ke nuna an kusa, 200 kuma ke nuna an kamu. Gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sugan wata biyu zuwa uku, shi ma ƙarancin sinadarin ƙarfe yana iya ɗaga shi, sikila kuma tana iya rikita shi, kuma duka biyun ba baƙi ba ne a Kaduna. Macen da ta haura 45, ko ta taɓa yin sugan goyon ciki, ko awon cikinta ya kai santimita 80, idan an caka mata yatsa da safe aka ce ba komai, tana da hujjar ta nemi a yi mata gwajin awa biyu.